Auta a Shagon Fanka

Gyaran fanka ne sana'arsa. Shagonsa ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin wani bene, ko'ina wayoyi da fukafukan fankokin da masu su suka manta da su. 'Ya'yansa uku, ta ƙarshen ita ce kowa ke kira Auta. Tun ba ta fara rarrafe ba zazzaɓi ya kawo mata jijjiga, daga nan farfaɗiya ta samu wurin zama. Kowane magani sai ya yi kamar zai yi aiki, sannan ciwon ya dawo da sabon salo.

Ban da faɗuwar, akwai halayen da suka ɗaure wa gidan kai. A kira ta har murya ta dushe, ba za ta waiga ba. Ba ta kallon idon kowa, har uwarta. In aka matsar da kofinta daga inda ta saba ganinsa, ranar babu mai sakat. Aka gwada kunne, kunne garau. Kakarta ta ce shagwaɓa ce kawai irin ta 'yan auta.

Wata rana uwar ba ta nan, dole ya tafi da ita shago. Yana kunna wata fankar tebur don gwaji, yarinyar ta zauna a gabanta ta yi tsit. Can ta ce, "Juya." Daga ranar ta zama 'yar shago. Tana jera masa notoci daga ƙarami zuwa babba, mai askin da ke maƙwabtaka da shi yana tsokanarsa wai ya samu manajar da ba ta amsa gaisuwa. A can ta koyi "kunna" da "kashe", a can ta fara ce masa Baba.

Sai ciwon ya kama ta a bakin shagon da rana tsaka. Ta fasa goshi, jama'a suka yi cincirindo, wata mata ta fizge ɗanta baya. Da yamma yayan uban ya zo dubiya, ya ce juyin fankar nan ne ke juya mata ƙwaƙwalwa, kuma bakin titi ba wurin mara lafiya ba ne. Uban ya amsa da to, ya daina zuwa da ita. Tsoro ne ya sa shi, amma har da kunyar idon mutane.

Kullum da safe Auta ta tsaya a bakin ƙofa da takalmanta a hannu, uwar ta ɗauke mata hankali, shi kuma ya sulale. Daga baya ta daina tsayawa.

Faɗuwar ba ta ragu ba. Shekaru suka ja, tafiyarta ta koma tangaɗi, kalmomin suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Da aka tura su wajen wata likitar ƙwaƙwalwar yara, ta yi gwaje-gwaje ta ce irin farfaɗiyar da ba a cika gani ba ce, mai ƙaruwa a hankali, kuma rashin kallon ido da ƙin sauyi sukan biyo ta. Ba taurin kai ba ne, ba tarbiyya ba ce. Sannan ta tambayi abin da yarinyar ta fi so.

Ya ba ta labarin shagon.

"Yanzu ma tana zuwa?"

"Mun hana ta, likita. An ce fankar ce."

Likitar ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce a gwajin Auta ba ta ga abin da ya nuna haka ba, kuma abin da irin waɗannan yaran ke so, ta nan ake samun su.

Washegari ya goya ta zuwa shago, ƙafafunta na reto har gwiwarsa. Ya share mata wuri, ya kunna fanka. Amma titin ya cika da babura, ta toshe kunnuwa tana kuka, ko kallon fankar ba ta yi ba. Mai aski ya leƙo zai yi wasa, ya ga fuskar uban, ya koma.

Uban ya mayar da ita gida tun kafin azahar. Uwar ta karɓe ta, ta tambaya ko Auta ta gane wurin. Ya ce bai sani ba. Ya zauna a bakin gadon har barci ya ɗauke ta, ranar bai koma ya buɗe shagon ba.