Rijiyar Baban Mukhtari

Likitan ido bai ɓoye wa Alhaji Mukhtari komai ba: ɗan ganin da ya rage masa ba zai kai damina ba. Da ya dawo gida a unguwar Lamisula da ke birnin Yerwa, sai ya leƙa wurin maƙwabcinsa Malam Pindar, malamin tarihi mai ritaya.

"Malam, Dikwa za ka kai ni. Akwai rijiyar da babana ya haƙa wa shanunmu tun kafin mu dawo birni. Ina so in gan ta da idona."

"Yaushe rabonka da ita?"

"An haura shekara hamsin."

Ranar Asabar Malam Pindar ya fito da tsohuwar motarsa, da takarda a aljihu: ƙarfe tara gidan Rabe, sha ɗaya kasuwa, ƙarfe biyu a kamo hanya kafin sojoji su rufe ta. Matarsa Salomi ta cika musu kula da ruwan leda mai sanyi.

Bayan sun wuce Mafa, Alhaji ya riƙa hango wani kore dishi-dishi a gefen titi.

"Ciyawa ce ko dawar masakwa?"

"Masakwa ce, Alhajin shanu. Mutane sun koma gonakinsu."

A Dikwa kuwa, a tsohon gidan Rabe, mayaƙin da ya taɓa mulkin ƙasar, Malam Pindar sai ya koma kamar ɗalibi. Shekara talatin yana koyar da yadda garin ya taɓa zama fadar mulki, bai taɓa tako shi ba. Ya shafa bango, ya leƙa ɗakuna, yana bayani ba wanda ya tambaye shi. Alhaji ya ƙyale shi har ya ƙoshi.

"To, malamin takarda, ka ga naka. Saura nawa."

Sai dai garin ya sauya. Tsamiyar da Alhaji yake kwatance da ita babu ita, filin da shanu ke kwana ya cika da sababbin gidaje. Suka tambayi mutum biyar, kowa ya nuna wani gefen dabam. Ƙarfe ɗaya ta gota. Malam Pindar ya miƙa masa ruwan leda.

Alhaji ya kai baki, sai ya tsaya. Ya tuna yadda babansa kan ɗanɗana ruwa a tafin hannu ya faɗi sunan rijiyar da aka ɗebo shi, don makiyayi ba ya mance ruwan da ya shayar da garkensa.

"Ajiye wannan, ruwan da ba shi da gari. Tsayar mini da duk mai kurar ruwa da ka gani."

Na farko ruwansa salam. Na biyu ƙarfe-ƙarfe. Na uku Alhaji ya tofar.

"Alhaji, in cikinka ya ɓaci a motata, da ƙafa za ka koma Yerwa."

"Cikin da ya sha ruwan tabki tare da shanu? Tuƙa mu je."

Na huɗu wani dattijo ne mai suna Ba'ana. Ya tsiyaya masa a tafin hannu. Da farko kanwa-kanwa, daga baya wani ɗan zaƙi ya biyo a maƙogwaro. Alhaji ya kama hannun mutumin.

"Ba'ana, don Allah ina ka ɗebo?"

Ba'ana ya bar kurarsa, ya shige gaba, suka bi shi ta lungu biyu. Ga abin da suka tarar: siminti, da tanki a sama, da faifan sola, mata na layi da bokitai. Babu abin da ya yi kama da rijiyar da ya sani. Ya nemi wuri ya zauna a kan wani tsohon gungume da aka yar a gefe.

Yatsunsa ne suka fara ganewa. Jikin icen duk kwarmi ne, irin wanda igiyar guga ke ci a bakin rijiya. Ya durƙusa, ya kai fuskarsa dab da icen. A ƙarshensa ga layi uku da ɗigo ɗaya, ƙonannu da ƙarfe mai zafi, shaidar da ke jikin kowace saniyar gidansu. Ya daɗe yana kallo.

"Malam, na gani. Da idona."

Ba'ana ya ce, "Da muka dawo gari bayan gudun hijira, ita ce ba ta ƙafe ba a unguwar nan. Har yau ba mu san wa za mu yi wa addu'a ba."

"Sa'id sunansa," in ji Alhaji.

Malam Pindar ya duba agogo, ya ninke takardarsa. Kasuwa sai wani jiƙon. Suka raba wa matan layi ruwan ledar, suka cika kular da na rijiya.

A mota Alhaji ya rungume ta a cinya.

"Jikokina kowa sai ya ɗanɗana yau. Asabar mai zuwa kuma da su za mu zo."

"Motata mutum biyar take ɗauka."

"To, sai ka rubuta sawu biyu a takardar taka."