Ɗan Autan Mai Karnuka

"Ɗaya ne," in ji tsohon daga kan gado, ta tagar da ke kallon tsakar gida. "Bawan Allah, kar ka bari a ruɗe ka. Ƙwan marainansa ɗaya ne."

Kafinta yana tsugune a gefen gadon, ƙusa biyu a bakinsa, yana ɗaga wajen kai da katako don tsohon ya riƙa samun numfashi. Ya miƙe ya leƙa. A tsakar gida Direba, ɗan tsohon guda ɗaya tilo, ya kwantar da jan kwikwiyo rigingine a cinyarsa, ya danna babban yatsa a matsematsinsa yana ƙoƙarin turo wani abu ƙasa. Baƙon da ya kawo, wani mai gidan gona da ke neman namijin da zai riƙa yi wa karnukansa barbara, ya dubi tagar, ya dubi Direba, ya ce ai sai ya sake dawowa. Daga yadda ya ɗauki hularsa kowa ya san ba zai dawo ba.

Shekara talatin ke nan katanga ɗaya ta raba Kafinta da wannan tsoho da unguwa ke kira Mai Karnuka. Shekara talatin kuma Kafinta na cewa shi haushin karnuka ya hana shi ƙiba, tsohon na cewa ai rowa ce ta hana shi. Amma duk kejin da ke jere a gidan nan, guda takwas, hannun Kafinta ne ya buga su. Ya ga lokacin da jajayen karnukan nan masu faɗin ƙirji suka cika su, ana bin layi wata da watanni kafin a samu ɗa guda. Yanzu uban garken ya mutu bara, karyar ta tsufa, haihuwarta ta ƙarshe 'ya'ya uku ta yi, biyu ba su kwana bakwai ba. Wannan ɗan autan kaɗai ya rage daga irin.

Direba ya shigo ɗakin fuska a murtuke. Ya ce Baba ya kunyata shi gaban baƙo. Ya ce kwikwiyon watansa biyar ne kacal, kuma Baba da bakinsa ya sha faɗin cewa har wata shida ƙwan da ya maƙale a ciki yakan sauko. In ma bai sauko ba, ai da ɗaya ma kare na haihuwa.

Tsohon ya ce ai matsalar ke nan, yana haihuwa. Abin gado ne. 'Ya'yansa maza su fito da shi, matan su ɗauka su kai gaba. Wanda ya maƙale a ciki kuma zafin jiki ke dafa shi, wata rana ya zama ƙari ya kashe karen. Yana magana yana tsayawa neman numfashi, amma bai sassauta ko kalma ɗaya ba.

"Baba, in aka fiɗiye shi, shi ke nan fa. Aikinka na shekara arba'in ya tafi."

"Ya tafi da mutuncinsa."

Direba ya fita, suka ji ya tayar da mota.

Kafinta ya san inda taurin kan nan ya samo asali. Tun tsohon na da ƙuruciya ya taɓa rufe ido ya saki irin wannan namiji, don kyansa. Bayan shekara huɗu sai ga wata mata ta zo da ɗan wancan karen a cikin buhu, ciki ya kumbura, ta ajiye masa a ƙofa ta ce ya duba abin da ya sayar mata. Tun daga ranar, kowane kwikwiyo namiji sai ya bi ta ƙarƙashin yatsunsa biyu kowace safiya kafin ya karya kumallo. Ko yanzu da cutar zuciya ta kumbura masa ƙafafu, kullum sai an ɗora masa ɗan autan a ƙirji, ya lalluba, ya girgiza kai.

Washegari da hantsi, Direba na fita aiki, tsohon ya buga katanga da sandarsa. Kafinta ya shigo ya tarar da shi zaune a bakin gado, ya sa rigarsa mai kyau, maɓallan a karkace.

"Maƙwabci, kawo kurar katakonka."

Kafinta ya ce Yaya ya yi wa Allah ya kwanta, likita ya hana shi ko taka ƙofa. Ya ce kuma wannan magana ce ta uba da ɗa, shi ba ya son shiga. Tsohon ya ce to ya matsa masa daga hanya, zai rarrafa. Ya kuwa fara zamewa daga gadon. Kafinta ya tare shi yana faɗa, yana cewa bai taɓa ganin mutum mai kafiya irin wannan ba, ya je ya sauke katakan mutane daga kura, ya shimfiɗa bargo da matashi biyu.

Haka suka bi titi, tsoho a kishingiɗe cikin kura da jan kwikwiyo a cinya, Kafinta na turawa yana gumi. Mai faci ya daina bugun taya ya bi su da ido. Mai shagon magani ta fito tana tambayar ko asibiti za a kai shi, tsohon ya ɗaga mata hannu ya ce asibiti ne, amma ba nasa ba. Duk ramin da taya ta faɗa sai ya cije leɓe, sannan ya ce wa Kafinta tuƙinsa ma irin aikinsa ne, babu inda ya miƙe.

Likitar dabbobi ta san shi tun tana ɗaliba. Ta duba kwikwiyon, ta ce Baba da ya ƙara haƙuri wata guda, a ga abin da Allah zai yi.

"Shi yana da wata guda, 'yata," in ji shi. "Ni ba ni da shi."

Ta ɗauki kwikwiyon ta shiga ciki don ta fiɗiye shi. Suka zauna a benci kusan awa biyu, tsohon ya jingina da kafaɗar Kafinta, nauyinsa bai fi na yaro ba. Da ta fito ta ce an gama lafiya. Sannan ta ce ƙwan da ya maƙale a kusa ta same shi, dab da hanya, da an jira ƙila da ya sauko.

Kafinta ya ji kamar shi ne ya riƙe wuƙar. Amma tsohon ko gezau.

"Ƙila," ya ce. "Ban taɓa sayar wa mutum da ƙila ba."

Kwana huɗu ya ƙara a duniya. Direba bai yi masa magana a kan abin ba, ya dai riƙa juya shi yana ba shi ruwa da cokali, Kafinta kuwa ko ya gaishe shi, Direba ya daina amsawa. Ranar ta biyar da safe tsohon ya ce a buɗe taga, ya tambaya ko an ba karya abinci, aka ce an ba ta. Kafin ruwan shayi ya tafasa ya cika.

Bayan mutane sun watse, Kafinta ya shiga gidan da yamma don ya kwashe kayan aikinsa. Ya tarar da Direba zaune a ƙasa a tsakar gida, da kwanon ruwan ɗumi da auduga, yana fama da kwikwiyon da ya ƙi tsayawa a wanke masa ɗinkin.

"Kawu," ya ce ba tare da ya ɗago ba. "Me likitar ta ce? A ina ta samu ƙwan?"

Kafinta ya so ya ce can cikin ciki, inda ba zai taɓa fitowa ba. Da kowa ya huta. Amma ba zai iya yin ƙarya a tsakar gidan mutumin nan ba.

"A kusa. Ta ce ƙila da ya sauko."

"Ya ji ta faɗa?"

"Ya ji."

Direba ya yi wata 'yar dariya, hawaye na bin gefen hancinsa. Ya ce shi ya sani, ko da ƙwan ya sauko a gaban idonsa sai Baba ya ce ya makara. Ya goge fuska da kafaɗa, ya ce Kawu ya taimaka ya riƙe masa kan.

Kafinta, wanda bai taɓa ɗaukar kare da hannunsa ba, ya ajiye guduma ya zauna a ƙasa. Ya tallabe kan kwikwiyon a tafinsa, Direba ya matse auduga ya fara goge ɗinkin a hankali. Kwikwiyon ya lafe, yana lasar ƙurar katako a yatsun Kafinta.