Daɓen Hanyar Mardiyya

Ranar Alhamis da hantsi, Hure tana tankaɗen gero a tsakar gida ta ji mota ta tsaya a ƙofa. A Gwashi mota ba ta tsayawa ƙofar gidan mutum haka kawai. Ta leƙa, sai ga keken ɗiyarta Mardiyya ɗaure a saman motar, tayoyinsa uku suna kallon sama, ga akwati, ga bokiti, ga katifa a naɗe. An ba su hutun kwana goma a makaranta, wannan Hure ta sani. Amma wanda ya zo hutun kwana goma ba ya ɗauko katifa.

Mardiyya ce ɗiyarta ta uku. Cutar shan inna ta kama ta tana shekara biyu, ta tafi da ƙafafun, ta bar mata kai da hannuwa, kuma wallahi ba ƙaramin kai aka bar mata ba. Da keken nan mai tuƙin hannu ta yi firamare, da shi ta yi sakandare a Bukkuyum, ga ta yanzu a shekarar 2016 tana karatun lissafi a reshen wata jami'a da aka buɗe a bayan garin Gummi. Duk Gwashi ba a taɓa samun ɗiya mace da ta kai can ba.

Hure ba ta tambayi komai ba sai da yarinyar ta sha fura ta yi salla.

"To, mi ya faru?"

"Na dawo ke nan, Inna. Ba karatun ne ya gagare ni ba. Rairayi ne."

A gaskiya jami'ar ta yi nata ƙoƙarin. A ƙofar babban ɗakin karatu an zuba gangaren siminti saboda masu keke, har da ƙarfen dafawa, an shafa masa fenti, baƙi sun zo sun ɗauki hoto. Sai dai wanda ya zana gangaren bai taɓa tambayar kansa ta ina mai keken zai ɓullo ba. Tsakanin ɗakin kwanan mata da wannan gangare fili ne na rairayi zalla. Da taya ta shiga sai ta nutse, ka yi ta juya hannu kana wuri ɗaya. Ƙawayenta sukan tura ta, amma tura keke cikin rairayi aikin ƙarti ne, kuma malaminsu na safiyar Litinin, Dokta Bello, ƙarfe takwas yake rufe ƙofa. Ba mugu ba ne, shi dai da agogo ba sa saɓawa.

"Sau uku ana rufe wa ƙawata Munira ƙofa saboda ni," in ji Mardiyya. "Na ce su daina jirana. Rannan na sauka na ja jiki da hannu, Inna, na isa hijabina duk ƙasa, kowa ya kau da kai don kada in ji kunya. Na rubuta takarda sau biyu, an ce hanya tana cikin tsarin baɗi. In na sake rasa ajin nan ko sau ɗaya ba zan zauna jarrabawa ba. Gara in dawo da kaina kafin a liƙa sunana a allo."

Hure ta dubi katifar da ke naɗe. Ba ta iya lallashi ba, ba ta taɓa iyawa ba. Ta ce kawai, "Kada a kwance katifar nan."

Ran Asabar ta shiga motar kasuwa ta tafi Gummi ita kaɗai. Ta tsaya ƙofar ɗakin kwanan mata ta taka filin har gangaren tana ƙirgawa a zuci: taki ɗari biyu da arba'in. Ta dawo tsakiya ta durƙusa ta tona da hannu. Da ta kai zurfin tafin hannu sai ta taɓo ƙasa mai tauri, ja. Ta ɗebo ta murza a yatsu, ta sansana, har ta ɗan ɗanɗana. Wasu samari da ke wucewa suka dubi juna, wai ga tsohuwa tana cin ƙasa a jami'a.

Abin da ba su sani ba, shekara talatin Hure ce uwar daɓe a Gwashi. Ba a kai amarya ɗaki sai ta zo ta duba ƙasar, ta sa an zuba marmara, an yayyafa ruwan makuba, wato jiƙaƙƙen ɓawon ɗorawa, mata sun jeru da madaɓai sun yi ta duka har ƙasa ta koma kamar dutse. Akwai ɗakunan da ta daɓe tun tana goyon fari, har yau turmi bai fasa su ba.

Ta nemi mai kula da gine-ginen makarantar, aka nuna mata Malam Lirwanu, wani siririn mutum mai biro uku a aljihu. Ya saurare ta har ta gama, ya sosa ƙeya.

"Inna, siminti ba a hannuna yake ba. Sai an rubuto daga sama."

"Ni ban roƙe ka siminti ba, Malam. Ruwa nika so, da izinin in ɗebi marmara a ramin can na bayan katanga."

"Daɓe a waje? Damina ɗaya za ta cinye shi."

"Shekara nawa karatun nata?"

"Huɗu."

"To sau huɗu zan zo."

Malam Lirwanu ya sa hannu a aljihu. Daga baya ya ce shi ma a ɗakin daɓe aka haife shi, kuma duk cikin takardun ofishinsa bai taɓa ganin inda aka hana dukan ƙasa ba. Ya zaro mabuɗin famfon burtsatse ya miƙa mata.

Da ta koma gida, wadda ta fi ba ta wahala Mardiyya ce. "Inna, don Allah ki rufa mini asiri. Ki kwaso matan ƙauye da madaɓai ki kai jami'a? Dariya za a yi mini har in gama."

"Af, ashe za ki gama," in ji Hure, ta ɗauki mayafinta ta fita.

Gida gida ta bi. Ba ta roƙi kowa ba, cewa kawai take, "Ran Laraba akwai daɓe a Gummi, a zo da makuba." Wace mace ce za ta ce a'a, alhali tana tsaye kan ƙasar da Hure ta daɓe mata? Aminiyarta Dija, wadda bakinta ya fi hannunta sauri, ta riƙe haɓa ta ce, "Yau ga ikon Allah. Mun daɓe wa 'yan mata, mun daɓe wa zawarawa, yanzu kuma jami'a za mu kai ɗaki. Wa ya biya sadakin?"

Mata ashirin da uku suka hau bayan kanta, motar ɗaukar kaya ta Barau direba, da buhunan makuba, da fartanyoyi, da kwanoni. Mardiyya tana gaba, fuska a murtuke, keke da katifa a baya. Sambo, ƙanen Hure da ke kiwo kusa da Gummi, ya zo da amalankensa na shanu ya yi ta jigilar marmara.

Ranar farko aka kwashe rairayi. Hure ta ja layi biyu da sanda, faɗin kamu uku, miƙe sambal daga ƙofa zuwa gangare. Mardiyya tana gefe a inuwar darbejiya tana kallo, har abin ya ishe ta.

"Inna, ba haka ba."

Duk mata suka ɗago.

"In kika miƙe ta nan, ruwan rufin ɗakin karatu a kanta zai zuba. Ki karkata ta bayan bishiyar can. Kuma wurin kwana ya yi ƙunci, keke ba ya juyawa kamar mutum. Ki ƙara faɗin ma gaba ɗaya, akwai Zayyad mai sanduna biyu, shi ma nan yake bi, kada mu haɗu a rasa mai kaucewa."

Shekara talatin ba a taɓa gyara wa Hure layi ba. Dija ta buɗe baki tana jiran abin da zai biyo baya. Hure ta dubi rufin, ta dubi bishiyar, ta share layinta da ƙafa ta miƙa wa ɗiyarta sandar. Daga nan Mardiyya ce ke awo, tana kiran kamu kaza nan, a ɗaga tsakiya da yatsa biyu can don ruwa ya gangara gefe. Ta manta da kunyar ƙaf.

Ranar Alhamis aka fara duka. Wanda bai taɓa jin madaɓai ashirin suna sauka lokaci ɗaya ba, ba zai gane ba. Ƙasa tana amsawa har cikin cikin mutum. Suka jeru biyar biyar, gwiwa a ƙasa, Dija tana ba da waƙa suna amsawa, ta sa Barau direba a ciki, ta sa shanun Sambo, ta sa Malam Lirwanu da birukansa uku. In sahu ɗaya ya gaji wani ya karɓa. Hure tana bin baya da ƙwarya tana yayyafa makuba, tana danna diddige, inda ya lotsa ta ce a sake. Zafin bazara kuwa ba a magana, gumi yana ɗiga daga haɓa kamar an zuba musu ruwa.

'Yan matan da ba su tafi hutu ba suka fara leƙowa ta taga da wayoyinsu. Munira ce ta fara fitowa, ta tuɓe takalmi ta ce a ba ta madaɓi. Kafin la'asar hannunta ya yi kanta, amma ba ta ajiye ba, kuma 'yan mata tara sun bi ta. Dija ta ce duka dai kamar masu korar sauro, amma Allah ya yi albarka.

Kwana uku ana duka, sau biyu kowane wuri. Sannan aka jera ƙaya gefe da gefe saboda awaki, sauran mata suka koma gida, Hure da Dija suka tsaya gadi, don daɓe ɗanye ba ya son ƙafa. Ranar Lahadi wani malami ya zo da babur zai ratsa, Dija ta tare shi da sanda. Ya ce ko ta san shi wane ne. Ta ce ko ma wane ne ya zagaya, ita ɗakin surukarta ma ba ta bari a taka kafin ya bushe. Ya zagaya.

Hure dai hankalinta bai kwanta ba. Daɓen ɗaki kwana bakwai take ba shi, wannan kwana ɗaya da rabi ya samu. Kuma ƙafar mutum ta sani, tayar keke ce ba ta sani ba, siririya ce, nauyi duk a wuri ɗaya. In ta yanka daɓen ta nutse a gaban jama'a, ta san ɗiyarta, ba za ta ƙara kwana a makarantar nan ba. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ba ta faɗa wa ko Dija ba.

Litinin, takwas saura kwata. Ɗalibai sun dawo, an janye ƙaya. Hanyar tana kwance ja wur, tana ɗan sheƙi, ta karkata ta bayan bishiya kamar yadda aka auna. Ba wanda ya taka, sun tsaya gefe cikin rairayi da littattafansu. Mardiyya ta fito cikin farin hijabi, jaka a cinya. Munira ta matso za ta kama bayan keken, ta girgiza mata kai.

Ta ce bismillah ta juya hannu. Tayar gaba ta hau, na baya suka biyo. Hure ta sunkuya tana duban inda suka wuce. Ko alama babu.

Ta bi ta a baya, hannu a miƙe kusa da ƙarfen keken ko da za a buƙace ta. Taki goma suna tare. A na ashirin sai ta ga ƙarfen ya yi wa yatsunta nisa. Ta ƙara sauri. Hannuwan nan da suka yi wata uku suna kokawa da rairayi sun sami ƙasa mai tauri, keken kuwa ya ɗauki gudu, hijabi yana kaɗawa. Hure ta tattare zane ta ɗan yi sassarfa, gwiwoyin da suka sha kwana uku ana kai da kawo suka ce ba su san zancen ba. Kafin ta kai bishiyar, Mardiyya ta sha kwana, ta haye gangaren siminti, ta shige ɗakin karatu ba ta ko waiwayo ba.

Hure ta tsaya tsakiyar hanya tana haki. Dija ta iso ta same ta.

"Kin ga 'yar nema, ko sallama babu."

Hure ta goge fuska da bakin mayafi, ta goge, ruwan ya ƙi tsayawa.

"Dija," ta ce, "shekara ashirin ina rage tafiya don ta cim mini. Yau na bi ta da gudu ban kamo ta ba."