Wendell da Murfin Masai

Shekara hamsin da ɗaya ina auren Wendell, ban taɓa ganin ya karɓi sabon abu da daɗin rai ba. Mutumin da har yau akwai tishu kwali goma sha biyu a garejinsa, tun na lokacin annobar korona.

A lokacin kaka ne Wendell ya faɗo daga tsani yana kwashe ganye daga indararo. Kafaɗunsa biyu suka lalace, hannu ya daina kaiwa baya. Ni kuma sanyin ƙashi ya nannaɗe min yatsu, ko kwalba ba na iya buɗewa.

'Yarmu Darlene ta zo daga garin Toledo da takardar shiga gidan kula da tsofaffi a jaka, da kwali a hammata.

"Baba, in ba ka iya gyara kanka a ban ɗaki, ba zan bar ku nan ku biyu ba," ta ce. Ta buɗe kwalin. Murfin masai ne na lantarki mai fesa ruwa, har da iskar busarwa.

"Kayan Faransawa," in ji Wendell. "Ubana shekara tamanin ya yi yana gogewa da takarda, ba wanda ya taɓa cewa yana wari."

"Wa ya matso kusa da shi balle ya faɗa?" na ce.

"Loretta, ba da ke nake ba."

Darlene ta ɗaura abin, ta ba shi mako guda, ta tafi.

Kwana uku yana shiga yana cire wayar lantarkin daga bango, wai shi ba mota ba ne da za a wanke. A na ukun na ji shi bayan ƙofa yana kuka a hankali, ya ƙi kirana. Haushinsa da nake ji ya bi iska, tausayi ya kama ni. Na tsaya nan ban ƙwanƙwasa ba.

Washegari da safe na ji ya mayar da wayar. Halin nasa, ya murɗa ƙarfin ruwan har ƙarshe, yadda yake yi wa injin yankan ciyawa. Wendell ya yi ƙara ɗaya, sai shiru, sai ƙugin iska.

Ya fito wandonsa a ɗaure, kunnuwa ja wur.

"Na gama," ya ce. "Ni kaɗai. Kira yarinyar nan ta yaga takardarta."

Na goge idona da gefen riga. "Tishun garejin fa, mu kai coci a raba?"

"Ki bar min kayana."