Matakala Uku a Ƙofar Inna

Kafintan nan shi ya kayar da uwarsa. Bai sa hannu ya ture ta ba, amma shi ya kayar da ita, kuma duk mai son a sassauta maganar bai san yadda aka yi ba ne.

Matakala uku ce tsakanin ɗakin Inna da tsakar gida, ta siminti, mai santsi in ruwa ya taɓa ta. Tun da gwiwoyinta suka fara ciwo ta ce ya kafa mata katako a gefe, abin da za ta riƙa dafawa. Aikin rabin yini ne. Ya zo da tef ya auna, ya rubuta awon da fensir a jikin bango, ya ce jibi. Jibin nan ta kai shekara huɗu. Sau uku yana sake awo, sai ka ce matakalar girma take yi.

"Ɗan nan, ko sai na bi layi kamar sauran masu kawo aiki?" in ji Inna, tana dariya.

"Inna, katakon kirki nake jira. Ba zan sa miki tarkace ba."

"To, Allah ya kawo na kirkin ina da rai."

Ba mace ce mai yawan roƙo ba. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya shida, Kafinta ne na uku. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana wanki a wani asibiti, zannuwan gado masu jini da amai, har sabulu ya cinye mata fatar yatsu. Da wannan hannun ta ciyar da su. Da Kafinta ya gagari makaranta, ita ta ja shi zuwa shagon wani tsohon kafinta, ta tsaya a rana ta ƙi tafiya sai da mutumin ya karɓe shi. Da matarsa ta kwanta ciwo bayan haihuwar tagwaye, Inna ce ta kwashe jariran shekara biyu cur, ɗaya a baya ɗaya a kafaɗa. Jikoki goma sha tara gare ta, babu wanda bai jiƙa mata zani ba. Ta san wanda ba ya son albasa, ta san mai tsoron allura. In an ce ta huta sai ta ce, "Hutun yana gaba, mai tsawo ma."

Wata Laraba da safe ta fito da bokiti, ƙafa ta zame, ta miƙa hannu gefe ta kama iska. Ƙashin ƙugu ya karye. Likita ya ce mai shekara tamanin da takwas ba za ta ɗauki aikin tiyata ba, a kai ta gida a kula da ita. Kowa ya gane abin da yake nufi.

Kafinta ya zo da yamma. Babbar yayarsu tana shanya a tsakar gida. Ba ta amsa gaisuwarsa ba, sai ta nuna masa bango da haɓa.

"Ga awonka nan. Ba mu goge ba."

Ya hau matakalar, ya tsaya a bakin ƙofa. Ya hango ƙafafun Inna a ƙarƙashin mayafi, ƙanana kamar na yarinya. Ya ce sannu daga nan inda yake, muryarsa ba ta ko kai gadon ba, ya juya ya fita. A ransa ya ce ba zai shiga ɗakin nan hannu rabbana ba.

Washegari ya zaro katako mafi kyau a shagonsa, wanda ya ajiye don ƙofar wani babban mutum, ya sa masa zarto.

Inna kuwa ta san tafiya ta zo. Ta fara kiran 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, kowa ya durƙusa ya nemi gafara, ta dafa kansa ta ce ta yafe duniya da lahira. Abin da Kafinta yake bukata ke nan fiye da kowa a gidan, ya kuma sani.

Auta, ƙanwarsu, ta same shi a shago, garin katako ya rufe shi har gira.

"Yaya, Inna tana kira."

"Ki ce mata ina tafe da abin."

"Wane abu? Matar da sai an juya ta? Wannan ai ihu bayan hari ne. Ajiye ka zo."

"Ke ba ki san aiki ba. Saura kaɗan."

"Na dai san uwa," ta ce, ta tafi.

Ba ƙarya ya yi ba, saura kaɗan ɗin ne, da ya so. Amma da ya shafa katakon sai ya ji kaushi, ya tuna da tafin hannun Inna, ya ce wannan zai soke ta. Ya yini yana goge shi da samfefa. Kwana na biyu ya ga gindin bai yi masa ba, ya kwance ya sake. Babbar yaya ta buga waya sau huɗu, ya kife wayar a kan benci. Mutum ne da bai taɓa iya cewa a yi haƙuri da baki ba. In ya ɓata wa mai aiki rai, sai ya ƙara masa aljihun tebur kyauta, magana ta wuce. Ya ɗauka uwa ma haka ake yi mata. Tsoron haɗa ido da ita ne ya hana shi zuwa, shi kuwa ya sa wa tsoron suna aiki.

Kwana na uku matarsa ta zo da kanta.

"Baban tagwaye, tun safe ruwa kawai take karɓa. Ko an taɓa labule sai ta ce kai ne."

"Fenti na shafa. In na ɗauka yanzu zai ɓaci. Gobe da sassafe."

"Fenti," in ji matar. Ta ja mayafinta ta fita.

Da safe ya saɓo abin a kafaɗa, yana sheƙi, babu kamarsa a duk aikin da ya taɓa yi. Tun daga bakin titi ya ga takalma sun cika ƙofar gida. Ya shiga. Jikoki zaune a ƙasa jeri-jeri, tagwayensa a cikinsu, babu wanda ya tashi ya karɓe shi. Babbar yaya ta fito, idonta a bushe.

"Ta cika tun asuba."

Ya jingina katakon da bango. Ya ce, "Ta ce wani abu a kaina?"

"Ta yafe mana mu biyar. Ta yafe wa surukai da jikoki, har maƙwabciyar da suka yi shekara goma ba sa magana. Na ce, Inna, ki haɗa da shi mana. Ta ce a'a, wannan ba a ba da saƙonsa. Ta ce naka yana nan ta ajiye maka, ka zo ka karɓa da bakinka, kalma ɗaya ce." Ta gyara ɗaurin zaninta. "Kwana uku tana riƙe da shi. Kauce, masu gaisuwa za su wuce."

Yau shekara tara ke nan. 'Yan'uwansa suna gaisawa da shi a hanya, ba sa zama inda yake. Inna ta rasu ba ta yafe masa ba, kuma babu mai iya yafewa a madadinta.