Rigar Batir

"Huro."

Abdulbaƙi ya tsaya a bakin zaure, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, ya yi murmushin nan nasa mai lotsa kumatu.

"Haba Umma, ko ruwa ban sha ba."

"Ruwan ba gudu zai yi ba. Huro na ce."

Ya sunkuyo, don tuni ya kere ta tsawo, ya hura mata iskar bakinsa a fuska. Atika ta lumshe ido ta ja numfashi. Ta kama wuyan rigarsa ta shinshina, ta jawo yatsunsa biyu na dama, waɗanda mashaya ke maƙale karan sigari da su, su ma ta kai hanci. Babu warin taba, babu ƙaurin ashana. Ƙamshin abarba da na'a-na'a kawai take ji sama-sama, wannan kuwa ai nata ne, shi take kwasowa kullum a hijabi daga kamfanin mintin da take aiki a Sharada.

"Wuce. Allah ya yi maka albarka."

Matan layi har dariya suke mata. Wai saurayi da gemu ya fara tsiro masa, uwa na shinshinarsa kamar tunkiya da ɗanta. Su yi ta yi. Masu dariyar ba su ne suka yi jinyar Ashafa ba. Mijin nata a majemar fata ta Challawa ya ƙarar da ƙuruciyarsa, kuma don ya kashe ɗoyin fatu a hancinsa ya fara kunna sigari. Sinadarin kamfani da hayaƙin taba suka haɗa kai suka cinye masa ƙirji. Tana ji tana gani ƙato ya koma kamar sillen kara, tari na ɗaga shi daga katifa yana mayarwa. Ana gobe zai rasu ya riƙe hannunta ya ce, "Atika, ko me yaron nan zai zama ya zama. Amma kada ki bari hayaƙi ya shiga ƙirjinsa."

Ba gida ya bar mata ba, ba gona ba. Wannan maganar ya bari, sai tocilan da yake tafiya aiki da ita, sai yaron. Shi ne ɗan fari, shi ne auta, ko sunansa ba ta iya faɗa don kara, sai dai "kai" ko "ɗan nan". Tun daga ranar kuwa ba ta yarda magariba ta yi ba ta tsaya a bakin zaure ba.

* * *

A kamfani, Atika na sashen naɗi. Inji ne ke naɗe minti, ita da abokan aikinta su tsince waɗanda ya naɗe a karkace, su ɓare ledar su jefa a buhu, su mayar da mintin cikin tire. Bango ɗaya ne tsakaninsu da tukwanen da ake zuba ruwan ƙamshi, shekara da shekaru.

Ranar wata Laraba suna hutun azahar a gindin tankin ruwa, Aina'u, ƙawarta mai bakin da ba ya rufuwa, ta buɗe kwanon ɗanwake ta buɗe labari.

"Ke Atika, kin san abin da yaran layinmu suke sha yanzu? Har 'yan mata! Shishar aljihu. Wai bef. Ba gawayi, ba ashana, batir ake sa mata kamar rediyo. In suka busa sai ki ce bola aka kunna, amma ƙamshi sak ɗakin nan namu."

"Allah ya shirya mana zuri'a," in ji Atika. "Ni dai nawa kullum sai na shinshina."

Aina'u ta tuntsire da dariya har yaji ya sarƙe ta.

"Da wane hancin? Ni rannan maigidana ya sayo min turare, na ce masa an cuce shi, ruwan famfo ne. Har yau fushi yake. Mu ai kamfani ya cinye hancinmu, 'yar uwa."

"Na ƙamshi ya ci, bai ci na wari ba. Taba ko a can unguwar Ja'en aka kunna ta zan ji."

"To ai ita wannan ba wari take..."

Ƙararrawa ta katse ta. Atika ta riga kowa miƙewa, don ba ta son jin ƙarshen zancen. Amma zancen bai ƙyale ta ba. Ya bi ta cikin Keke Napep, ya shiga gida tare da ita, ya zauna mata a ƙirji tana wanki.

Cikin wankin nan ne ta laluba aljihun wandon Abdulbaƙi ta zaro wani ɗan abu. Ƙahon sa ne aka fiƙe, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba, sumul yana sheƙi, da rami ya ratsa shi daga sama har ƙasa. An zana sunansa a jiki da ƙananan haruffa. Ta juya shi, ta sake juyawa, sai ta ji sanyi ya sauka a zuciyarta. Ai kan carbi ne, dogon nan da ake haɗa bakin zare a cikinsa! Ita tana can tana zargin yaro, ashe yaro carbi yake haɗawa.

"Kai, kan carbi ka sa aka yi maka?"

Ya kalli abin, ya kalle ta, ya sosa ƙeya.

"Wani ne a Bompai yake fiƙe su da inji. Sai ya auna, ya yi wa kowa daidai nasa."

"Ma sha Allah! Mutane da basira. Adana, kada ya faɗi."

Ya karɓa da hannu biyu, bai ɗago ido ba. Ita kuma ta ɗauka kunya ce.

* * *

Akwai wani baƙin ƙarfe mai kama da guntun famfo da Abdulbaƙi ba ya rabuwa da shi. Tun farko ya ce mata fawa bank ne na cajin waya, ta kuma yarda, don wa zai zauna a unguwar da taransifoma ke ƙonewa kamar kyandir ba shi da abin caji? Ba ta taɓa ganinsa da kai ba. Kullum sai ya kwance kan ya zura a aljihu kafin ya shawo kwanar layinsu.

Sai abin ya mutu, yaro kuma ya birkice.

Ya daina cin abinci. Ya zauna ya tashi, ya shiga ya fita, yana gatsar farce yana gumi ba zazzaɓi. Da ta yi masa maganar ɗebo ruwa sai ya daka mata tsawa, abin da bai taɓa yi ba tun da ta haife shi, sannan ya dafe kai ya ce ta yafe masa. Atika ba ta yi fushi ba, tausayi ya ba ta. A ganinta ta san dalili. Ya ba da sunansa neman aiki a wani sito a Bompai, an ce za a kira shi a waya, ga unguwa ba wuta.

"Kawo wayar in kai maka caji kamfani."

"In aka kira tana can fa? Batirin fawa bank ɗin ne ya mutu, Umma. Ba irin na rediyo ba ne, dogo ne mai kauri. Mai shagon ya ce sai kaya sun iso."

Dogo mai kauri. Ranar Asabar da hantsi ta jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado, ta ɗaga atamfofi, ta fito da tocilan Ashafa. Takan kai ta kamfani jifa-jifa a yi mata caji, ba don tana haskawa ba, don dai kada ita ma ta mutu. Ta kwance gindinta, batir ya faɗo mata a cinya, dogo mai kauri, sanye da shuɗiyar leda. Ta ɗan jima tana kallonsa. To, me ya fi wannan? Uba ya taimaki ɗansa daga kabari.

Idon Abdulbaƙi ya kawo haske da ya gani. Ya fizgo baƙin ƙarfen ya tura batirin. Ya shiga kaɗan ya cije. Ya danna da babban yatsa, ya buga a tafin hannu, ina! Kaurin ya ɗara ramin da ƙiris. Ya ja tsaki ya jefar da shi kan tabarma ya fice.

Atika ta ɗauka. Ta bi jikinsa da farce har ta ji bakin ledar, sai ta yi dariya ita kaɗai.

"Oho! Ashe riga ce ta hana."

Yaran zamani da gajen haƙuri. Hannun da ya ɓare minti ba adadi ne leda za ta gagara? Ta ɗauko reza ta tsaga ta daga sama zuwa ƙasa, ta zare ta tsaf, har da wani ɗan farin zobe da ke saman, ta share su da tsintsiya. Batir ya fito fari tas yana walƙiya. Ta goge shi da gefen zani ta ajiye a kan faifai, ranta fes.

Bayan la'asar ya dawo. Ta miƙa masa tana washe baki.

"Gwada yanzu."

Ya tsaya yana kallonsa.

"Umma, ina rigarsa?"

"Riga ce za ta ba ka wuta? Mu kullum ɓare ta muke mu zubar. Abin cikin shi ne abu."

Ya karɓi batirin yana kallonta. Wannan kallon da ya yi mata, rabi tsoro rabi yunwa, shi ne zai riƙa dawo mata daga baya.

"Na gode, Umma."

Ya fita ya zaga kangon da ke bayan gidansu. Ita kuma ta jawo tire ta hau tsintar shinkafa, tana ƙiyasta yadda zai yi kyau cikin rigar aiki.

Ƙarar ta zo kamar tayar mota ta fashe. Kaji suka watse. Sai shiru, sai wani irin kuka da ba ta taɓa jin ɗan Adam ya yi ba. Tire ya kife. Ba hijabi, ba takalmi, ta yi waje tana kurma ihun sunan da bakinta bai taɓa furtawa ba.

"Abdulbaƙi! Abdulbaƙi!"

* * *

Allah ya tsare idanun. Amma leɓe ya tsage, haƙoran gaba sun zube, harshe ya ƙone, hannun dama kuwa an naɗe shi har gwiwa. Kwance yake fuska duk bandeji, ido kawai ke motsi.

Likitar, wata matashiya mai gilashi, ta zo da abin da maƙwabta suka tsinto a kangon cikin ƙaramin tire. Ga baƙin ƙarfen ya dare kamar rake. Ga ɗan ƙahon ya yi baƙi, rabin sunan ya ƙone.

"Wannan kan carbinsa ne," in ji Atika, ta miƙa hannu.

Likita ta dube ta, ta sassauta murya.

"Mama, wannan bakin zuƙa ne. A nan ake sa baki a ja hayaƙin. Shishar aljihu ce."

Atika ta janye hannunta.

"Abin da ban gane ba," likita ta ci gaba, tana juya ƙonannen batirin da almakashi, "ledar jikinsa ita ke raba shi da ƙarfen. In babu ita wuta haɗuwa take. Wannan kuma ba yagewa ta yi ba, cire ta aka yi. Wa ya ɓare ta?"

Daga kan gado aka yi gurnani. Abdulbaƙi ne ya ɗaga hannunsa mai lafiya yana bugun ƙirjinsa, yana bugu, yana kallon likita, hawaye na gangarawa cikin bandeji.

"Ƙarya yake, likita," in ji Atika. "Ni ce. Da reza. Har gogewa na yi."

Likitar ta ɗauki tirenta a hankali ta ja musu labule.

* * *

Sai da ta haura mako a asibiti ba ta leƙa kamfani ba. Ranar da aka fara ba shi kunu ta bututu, Aina'u ta zo ta karɓe ta, wannan karon bakinta a rufe, abin da kawai ta ce shi ne Atika ta je gida ta ɗebo musu kaya.

Tun a cikin Keke Napep ta lura da wani abu. Ta ji ƙamshin masarar da ake gasawa a bakin titi. Ta ji sabulun jikin matar da ke gefenta. Rabon da hancinta ya ɗauki irin waɗannan har ta manta.

Ta buɗe gida, ta wuce shinkafar da kaji suka gama da ita, ta tura ƙofar ɗakin Abdulbaƙi.

Abarba ce ta tare ta. Abarba da na'a-na'a, mai kauri, mai zaƙi har yana hawa kai. Tana cikin labule, tana cikin katifa, tana jikin rigunan da ke rataye a ƙusa, har dardumar sallarsa. Atika ta tsaya cak. Ta jawo gefen hijabinta ta kai hanci, tana fatan daga nan ƙamshin yake. Warin magani ne kawai na asibiti.

Ta zauna a bakin katifar ta ɗauki matashinsa ta kifa fuska a ciki. Ashe ƙamshin ba nata ba ne. Ashe duk yammacin duniya gaskiya yaron yake huro mata, a fuska, cikin hanci, ita kuma ta sa masa albarka ta ce ya wuce. Ta yi kuka, kukan da ba ta samu ta yi ba ko a mutuwar Ashafa, ta nemi gafarar mamaci ta nemi ta rayayye.

Ba ta san ta daɗe ba sai da aka kira magariba a masallacin layi. Kafin ta ankara ƙafafunta sun kai ta bakin zaure. Ta tsaya nan rungume da matashin, mutane na wucewa masallaci suna yi mata ya mai jiki.