La'asar ɗin da Malam Mirzohid Ya Ja Ba Alwala

Shekara goma sha ɗaya Malam Mirzohid ya yi yana jan salla a ƙaramin masallacin unguwar masaƙa ta garin Margilan. Bayan rasuwar ƙaninsa ne jikinsa ya fara yi masa gardama. Loma uku ta dafa-dukar shinkafar da suke kira osh sai cikinsa ya kumbura kamar ganga. Yau gudawa, gobe ciki ya ɗaure. In ya taso daga sujada duhu ya rufe masa ido, zuciya ta hau dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe da gumi ko ana sanyi. Ga wani nauyi a ƙirji da ke sa shi ya zauna yana kallon bango har shayinsa ya huce.

Wata Talata, a raka'a ta uku ta La'asar, iska ta kuɓuce masa. Ba wanda ya ji. Ya san abin da ya kamata: ya jawo na bayansa ya ci gaba, shi ya fita. Amma yaya zai ratsa sahu uku, kowa ya san dalili? Sai ya cije ya ƙarasa, ya yi sallama, har ya tsaya yana gaisawa da mutane.

Washegari ya aika cewa gwiwa ta hana shi, ladan ya riƙe limanci. Ya daina fita, abinci sai tsakura, masu zuwa dubiya kuma ya ce a ce musu yana barci. Matarsa Oydin ta yi haƙurin mako uku, sannan ta dire masa gurasa a gaba.

"Baban yara, wace irin gwiwa ce take hana ka masallaci amma take kai ka banɗaki da gudu sau takwas a wuni?"

Ita ta ja shi asibiti a birnin Fargana. Likitar mace ce, sa'ar 'yarsa, ta kuma yi ta tambayarsa sau nawa yake zagawa da yadda abin yake fita. Duk amsoshin ya ba ta su ne idonsa a kan takalminsa. Ta auna jininsa a kwance, ta sake aunawa a tsaye, aka leƙa cikinsa da na'ura ba a ga gyambo ba. Ta ce akwai jijiyoyin da ke tafiyar da zuciya da hanji da gumi ba da izinin mutum ba, nasa sun rikice. Ciwon damuwa na ƙara dagula su, lalacewar cikin kuma na hura wa damuwar wuta. Ta rubuta magani, ta ce ya riƙa ci kaɗan-kaɗan, ya daina miƙewa zumbur, ta kuma haɗa shi da likitan damuwa. A hankali ya tambaya ko raunin imani ne.

"Malam, hanjin liman da na direba duk ɗaya ne," in ji ta.

Bayan wata biyu ciki ya ɗan lafa, barci ya dawo. La'asar ɗin ce ta ƙi barinsa, don ya sha karantar da jama'a cewa in sallar liman ta ɓaci, ta mamu ma ta ɓaci. Mutum kusan arba'in na yawo da ramuwa a wuyansu ba su sani ba.

Ranar wata Lahadi ya shiga masallaci, aka idar da Azahar, ya miƙe dafe da ginshiƙi ya faɗi abin da ya faru, idonsa a kan darduma. Sai Baba Ergash, tsohon masaƙi mai nauyin kunne, ya kama kunnensa ya ce bai ji ba, me ya kuɓuce? Dole Malam ya maimaita da ƙarfi, kunnuwansa kamar an sa musu garwashi. Wani a baya ya ƙunshe dariya, na kusa da shi ya zungure shi.

Baba Ergash ya jinjina kai, ya ce shi tun da aka yi masa aiki a ciki alwala biyar yake yi wa salla ɗaya, sannan ya miƙe ya tayar da ramuwarsa. Sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya.

Sun roƙe shi ya koma gaba, ya ce sai ya ga yadda jikin zai yi. Yanzu a ƙarshen sahu yake tsayawa, dab da ƙofa. Ran da ya tashi da ƙarfi yakan zauna shan shayi da su, ran da abin ya motsa kuma ta bayan layi yake komawa gida.